Takarar Kansila: Tambayoyin da Kuke Yi Min kan Tsaron Unguwarmu da Kula da Juna

Tun ranar da na bayyana cewa zan tsaya takarar kansila a mazaɓarmu, duk inda na zauna sai an tare ni da tambaya: a teburin mai shayi, a ƙofar masallaci bayan Isha'i, da cikin gidajen da iyayenmu mata suka yi min izinin shiga. Wasu tambayoyin na neman sani ne, wasu kuma na wanda aka sha yi wa alkawari ana saɓawa. Duka na karɓa hannu biyu. Ga waɗanda aka fi maimaitawa, na amsa su da bakina, domin wanda ba mu haɗu ba ya karanta, domin kuma gobe a sami abin da za a riƙe ni da shi.

Kai wane ne, kuma me ya kai mai gyaran waya siyasa?

A cikin birnin Kano aka haife ni, a lungun da ake hango Dutsen Dala daga ƙofar gidanmu. Na yi allo a soron unguwa, na yi firamare da sakandare a makarantun gwamnati, daga nan na koyi gyaran waya, kuma da ita nake riƙe da iyalina har yau.

Wani dare ne a damina ya tura ni wannan hanya. Yaron maƙocinmu yana dawowa daga karatun dare, saura taku kaɗan ya shiga gida, aka tare shi aka sare shi a hannu saboda waya. Mun ji ihunsa. Ba wanda ya buɗe ƙofa da wuri, har da ni. Ina tsaye a bayan ƙyaure, hannuna a kan sakata, ina jira in ji wani ya riga ni fita. Da muka fito mun tarar da shi a zaune a bakin kwata, ya naɗe hannun da rigarsa, takalminsa ɗaya can gefe. Bayan kwana biyu aka gano wanda ya sare shi. Shi ma ɗan unguwa ne. Mun san mahaifiyarsa, da yawanmu mun ci tuwon sunansa. Daga wanda aka sara har wanda ya yi saran, a gabanmu suka tashi, kuma dukansu mun sake da su. Tun daga ranar nake neman hanyar da zan gyara nawa sakacin.

Kansila ai ba shi da wani iko. Me za ka iya yi?

Wani dattijo ne ya fara yi min wannan tambaya, na ce masa, "Baba, gaskiyarka, amma ba duka ba." Kansila ba ya ba ɗan sanda umarni, domin 'yan sanda na gwamnatin tarayya ne. Hisbah da KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa, na jiha ne. Duk ɗan takarar kansilan da ya ce muku zai kawo ƙarshen rashin tsaro shi kaɗai, ko bai san aikin ba, ko yana yi muku romon baka.

Amma ku duba Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma. Akwai gina da gyaran tituna, fitilun kan hanya da magudanan ruwa. Akwai kwashe shara da samar da banɗakunan jama'a. Akwai kula da maƙabarta, da gidajen gajiyayyu, da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, da rajistar haihuwa, mutuwa da aure. Sannan ƙaramar hukuma tana da hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. To in ka lura, rabin abin da ke sa lungu ya zama abin tsoro yana cikin wannan jerin: duhu, kango, bola, da gidan da ba wanda ya san masu shiga da fita cikinsa.

Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Kansila shi ne bakin mazaɓa ɗaya a majalisar da ke amincewa da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin bai zo da sauƙi ba, amma ya ba kowane kansila hujjar tashi a majalisa ya tambayi nawa aka samu, kuma ina aka kai.

Ƙwacen waya ya hana mu sakat. Mene ne naka shirin?

Nan ne na fi sani, don haka ku yi haƙuri in ɗan tsawaita.

Ɓarawon waya ba don ya yi kira da ita yake ƙwata ba. Yana ƙwata ne saboda ya tabbata kafin gari ya waye akwai mai saye, akwai kuma mai buɗe masa makullinta ya goge komai. Na sha ganin yaro ya shigo shago da waya mai tsada, ba kwali, ba caja, ba rasit, ya ce ya manta lambar sirrinta, a kan fuskar wayar kuma ga hoton wata baiwar Allah da jaririnta. Na mayar masa na ce ban iya ba. Na san kuma daga wurina wani shagon zai nufa. In dai akwai shagon da zai karɓa, wuƙar ba za ta koma kube ba.

Don haka aikina na farko a tsakanin abokan sana'ata ne. Zan tara duk masu gyara da masu sayar da wayar hannu da ke mazaɓar, a gaban mai unguwa da baturen 'yan sandan yankinmu, mu yi yarjejeniya a rubuce: ba sayen waya sai da kwalinta ko rasit ko shaidar wani sanannen mutum, ba buɗe makulli sai mai ita ya nuna tasa ce, kowane shago ya ajiye littafin da zai riƙa rubuta lambar wayar da ta shigo da sunan wanda ya kawo ta. Wanda ya karya, mu da kanmu za mu fara nuna shi. Zan kuma kai wannan majalisa domin ya zama dokar ƙaramar hukuma, kada ya tsaya a mazaɓa ɗaya.

Ku ma akwai naku, kuma ba sai an jira zaɓe ba. Kowace waya tana da lambar IMEI mai alƙaluma 15. Danna *#06# za ta fito. Rubuta ta a takarda ka ajiye a gida, kada ka bar ta a cikin wayar. Da ita 'yan sanda ke bin sawu. In an ƙwace, kafin ka yi kukan wayar, fara da layin: sa a toshe shi, ka sanar da bankinka a daren, domin ta layin ake iya kwashe kuɗin asusu. Kuma don Allah, in an tare ka da makami, miƙa. Na gyara wayoyi da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin wadda ta kai yatsa ɗaya daraja ba.

Za ka kafa 'yan sintiri? Mu fa mun ga inda 'yan sintirin suka zama abin tsoro.

Ni ma na gani. Sintirin da ba shi da ƙa'ida daba ce da ta sauya riga. Wanda nake nufi, sunan kowane mutum zai kasance a wurin mai unguwa da ofishin 'yan sanda, kuma sai magidanta biyu sun tsaya masa. Mai shaye-shaye ba ya ciki. Kayan aikinsu tocila, usur, da riga mai alama. Wanda suka kama su miƙa shi ga hukuma da lafiyarsa. Ba ɗaure mutum a turken lantarki, ba bulala a ofis, ba karɓar tara.

Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma, don haka ba wani baƙon abu za mu ƙirƙira ba. Za mu nemi namu gurbin ne mu zauna a ciki. Kuma zan yi tsayin daka a kan ihun ɓarawo. In taro ya rufe mutum da duka, ba mai tambayar shaida, kuma rai in ya fita ba ya dawowa ko da gaskiya ta bayyana daga baya.

Su kuma yaran da suka riga suka shiga daba fa? Ba kama su ya kamata a yi ba?

Wanda ya zubar da jini ya fuskanci shari'a, kuma ba zan je ofishin 'yan sanda da dare ina roƙon a sake shi don ɗan wane ne ba. Wannan ku rubuta ku ajiye.

Amma bayan kowane mai sara ɗaya akwai ƙananan yara da yawa da ke zaune a gefensa, ana aikensu sayo sigari, suna koyon yadda ake soke wuƙa a ƙugu. Waɗannan ba su riga sun tafi ba. Yawancinsu sun fita daga makaranta, ba sana'a, gida ya yi musu ƙunci, uba ya fita tun asuba ko ya rasu, uwa tana fama da ƙanne. Dabar ce kaɗai wurin da ake kiran sunansu a ba su wurin zama. Sai ƙwaya ta biyo baya. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma wiwi da sholisho da tiramol ba su bar lungunanmu ba, kuma kowa a unguwa ya san kangon da ake sayarwa. Dillalin aikin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ne, zan kuma kai musu rahoto da sunana, ba da sunan wani talaka da za a biyo dare ba. Yaron da ƙwaya ta riga ta kama kuwa magani yake buƙata, a kai shi ga likitoci irin na asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ba a sa masa mari a ɗaki ba.

Ga wanda bai yi nisa ba, garin nan cike yake da iyayen gida. Akwai 'yan unguwarmu a Kantin Kwari, da Kasuwar Kurmi, da Ƙofar Wambai, da Ƙofar Ruwa; akwai teloli, kafintoci, masu walda, makanikai. Roƙona ga kowannensu yaro ɗaya. Na san abin da ke korar yaro daga koyon sana'a: yunwar rana da kuɗin mota a watannin farko, kafin hannunsa ya fara kawo wani abu. Nan ne nake son kuɗin tallafin matasa ya tafi, maimakon a tara su a raba musu abin da zai ƙare kafin magariba. A shagona yanzu akwai yara biyu da a da ake tsallaka titi in an hango su. Ɗaya ya iya canza gilashin waya fiye da ni.

Ku 'yan siyasa ku ne kuke ba su ƙwaya da makami. Kai ma haka za ka yi?

Wata Hajiya ce ta faɗa min wannan a tsakar gidanta, ba ta ko ɗago kai daga tankaɗen da take yi ba. Na ce, "Hajiya, ba ki yi ƙarya ba." Dattawa za su gaya muku tun zamanin jam'iyyun NEPU da NPC, a shekarun 1950, ake da 'yan banga a siyasar garin nan. Ana tara yara lokacin kamfe, a watsar da su bayan zaɓe da makamin a hannunsu, sai su juyo kan unguwa.

A tawagata ba mai riƙe gora, balle wuƙa. Ba na ba kowa kuɗin "caji". Duk wanda ya ga yaro da makami yana kiran sunana, ya zo ya faɗa min a gaban mutane. In rashin 'yan daba ne zai kayar da ni, na yarda in faɗi.

Fitilu fa? An sha kafawa suna mutuwa.

Suna mutuwa ne saboda ba su da mai su. A kafa ta sola, a ɗauki hoto, bayan 'yan watanni a sace batirin ko ƙura ta rufe farantin. Ni lunguna zan fara da su kafin bakin titi, musamman hanyar masallaci, ta Islamiyyar dare da ta asibiti, kuma kowace fitila za a damƙa ta a hannun gidan da ke kusa da ita, da sunan mai gyaranta a rubuce.

Duk damina ruwa sai ya shiga gidajenmu. Wannan ma tsaro ne?

Sosai ma. Wanda katangar ƙasa ta faɗo wa cikin dare bai tsira ba don ɓarawo bai shigo ba. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini su ne ke shanye ruwan unguwa. An cike da yawansu da shara an yi gini a kai, ruwan kuma bai fasa zuwa ba. Kwatocin da ya kamata su kai shi rafin Jakara sun toshe da leda da robar lemo.

Kuskuren da muke maimaitawa kowace shekara shi ne a yi gayya a yashe kwata, a tara dagwalon a bakinta, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Yasa ba ta cika ba sai an kwashe a ranar. Don haka tun watan Mayu, kafin ruwa ya sauka sosai, za mu tsara lungu-lungu: matasa da shebur da baro, ƙaramar hukuma da mota, a kuma nemi hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, ta ba mu rana tsayayya. Tsaftar muhallin Asabar ɗin ƙarshen wata ta zama ranar aiki, ba ranar zaman jiran a buɗe hanya ba. Kwata mai gudu tana rage sauro, tana kuma nesanta mu da amai da gudawa.

Mu mata me za mu gani a ƙasa?

Abin da kuka fi faɗa min shi ne naƙudar dare. Ciwo ya tashi ƙarfe biyu, maigida ba ya nan ko ba shi da abin hawa, lungu ya yi duhu, mai adaidaita sahu yana tsoron fitowa. Wannan ba ya buƙatar miliyoyi. Za mu sami direbobin adaidaita da ke kwana a mazaɓar waɗanda suka yarda a tashe su, a raba lambobinsu ga kowane gida da kowace ungozoma, 'yan sintiri su raka su har bakin titi, a biya su daga asusun unguwa in mai haihuwar ba ta da hali. Haka kuma za mu rubuta sunayen matasan da suka yarda su ba da jini da rukunin jinin kowannensu, domin kada a kai mace Asibitin Murtala a tsaya neman mai bayarwa tana zubar da jini.

Asibitin mazaɓa yana da kwamitin ci gaban mazaɓa da ya kamata ya riƙa sa ido a kansa. Zan tabbatar yana zama, kuma akwai mata a ciki masu magana, ba na cika lissafi ba. Batun riga-kafi kuma ba zan yi shiru ba. Mun ga yadda mashaƙo ya ɗauki yara a Kano a 2023, ciwon da allura ke karewa. Mun kuma ga yadda aka ci galabar shan inna har aka tabbatar da kawar da asalin nau'in ƙwayarta daga Afirka a 2020, da taimakon masu unguwanni da malamai da matan da suka bi gida-gida. Hanyar da ta yi aiki a can ita za mu bi.

Kana yawan cewa "tausayi". Rabon shinkafa kake nufi?

A'a. Da muna yara, in magariba ta yi za ka ga yara suna ketare lungu da kwanuka a rufe. Ciyayya ke nan, kuma ba wanda ya san gidan da ya dogara da ita da gidan da yake yi don zumunci kawai. Asirin kowa a rufe. Yau akwai gidajen da ake wuni ba a ɗora tukunya ba, kuma ba za su taɓa fitowa layin rabo ba, ko da yunwa za ta kashe su. Akwai tsohuwar da 'ya'yanta suka yi nisa, akwai mai takaba da marayu, akwai magidancin da ciwo ya kwantar.

A kowace unguwa ina son mutum uku su san waɗannan gidaje: mai unguwa, liman, da dattijuwa ɗaya da mata suka amince da ita. Sunayen ba za su zo hannuna ba, don kada su zama jarin siyasa. In taimako ya samu, daga masu hali ne ko daga Hukumar Zakka da Hubusi ko daga ƙaramar hukuma, a kai da dare, ba hoto, ba sanarwa a Facebook.

Almajiran da ke makarantun allon mazaɓar ma suna cikin lissafina. Su ne ke yi mana wanke-wanke da aike, amma in ƙazuwa ta kama su ko zazzaɓi ya kwantar da su ba mai tambaya. Zan zauna da alarammomi mu san yawan yaran kowace makaranta, mu fara da banɗaki da ruwa, ma'aikatan lafiya kuma su riƙa leƙa su.

Ni ɗan haya ne, ba a nan aka haife ni ba, kuma ba jam'iyyarmu ɗaya ba. Ina ciki?

Kana ciki. Duhun lungu ba ya tambayar garinku ko kalar hularka. Abin da zan roƙa kawai, duk wanda ya tare a unguwa, mai gidan ya kai shi ya gaisa da mai unguwa, kamar yadda aka saba tun da. Za mu kuma sa wa gidaje lamba, domin in an kira lambar agajin gaggawa ta 112 ko motar kashe gobara a daina kwatance da "bayan gidan mai waina".

Ina za ka samo kuɗin duk wannan?

Fitilu, kwatoci da gyaran asibiti sai da kasafin ƙaramar hukuma, kuma a can zan yi ta naci. Wani zan samu, wani ba zan samu a shekarar farko ba. Yarjejeniyar masu waya, jerin direbobi, masu ba da jini da ɗaukar yara sana'a kuwa ba sa jiran kasafi. Asusun unguwa na karo-karo ne, ba dole, kuma ba ni zan riƙe shi ba. Mutum uku da jama'a suka zaɓa ne za su sa hannu kafin a cire ko sisi.

In ka ci ka ɓace kamar na baya fa?

Ba zan tashi daga unguwar nan ba, shagona ma yana nan inda kuka san shi. Duk bayan wata uku zan kira taro a filin makarantar firamare, in karanta abin da aka ware wa mazaɓar, da abin da aka yi, da abin da na nema aka hana ni. Za a yi wa mata nasu zaman da rana, domin na san da yawa ba za su fito taron dare ba. Kwafin takardar kuma za a manna shi a ƙofar gidan mai unguwa.

Yaya ake zaɓen, kuma me za mu yi yanzu?

Zaɓen ƙananan hukumomi hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, ce ke shirya shi, kamar wanda aka yi a watan Oktoban 2024, amma da katin zaɓen nan na INEC ake jefa ƙuri'a, a rumfar da aka saba. A duba kati tun yanzu. Wanda ya tare daga wata unguwa ya nemi a mayar masa da rumfarsa nan idan an buɗe rajista.

Kafin nan, masu gyaran waya za mu yi zamanmu na farko ranar Asabar bayan La'asar a soron mai unguwa, kuma kowa ya zo da littafin da zai fara rubutu a ciki. Direban adaidaitan da ya yarda a tashe shi da dare, da ubangidan da ke da gurbin yaro ɗaya, su ma su same mu a can.